Fashin Baƙi: Shin Tattara Bayanai Zai Iya Shigar da Shagunan Unguwannin Afirka ta Kudu Cikin Babban Tattalin Arziki?

A ranar 15 ga Nuwamba 2024, Shugaba Cyril Ramaphosa ya yi wa al'ummar Afirka ta Kudu jawabi a kan mace-macen yara sakamakon cin gurɓataccen abinci. Abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne rasuwar yara shida a unguwar Naledi da ke Soweto a watan Oktoba, inda bincike ya gano gubar terbufos, wato maganin ƙwarin gona da ake sayarwa a bakin titi a matsayin maganin ɓera. Shugaban ya ba wa duk masu ƙananan shagunan unguwa da masu sayar da abinci kwana 21 su yi rajista a ƙananan hukumominsu, daga baya kuma aka tsawaita wa'adin zuwa 28 ga Fabrairu 2025. A cikin wannan rububin ne wani abu ya fito fili wanda masana suka daɗe da sani: ƙasar da ke da babbar kasuwar hannun jari da manyan bankuna da ake tinƙaho da su a Afirka ba ta san adadin shagunan da talakawanta ke sayen burodi da sukari a cikinsu kullum ba. Masu binciken kasuwa kan ce dubu 100, wasu su ce dubu 150 ko fiye, kuma dukkansu ƙiyasi ne.

Tun daga lokacin aka ƙara yawaita wata magana a bakin jami'an gwamnati da bankuna da kamfanonin fasahar kuɗi, cewa idan aka tattara bayanan waɗannan ƙananan sana'o'i, aka san inda suke da abin da suke sayarwa da yawan cinikinsu, to za su samu rance da inshora da kaya a farashin sari, su shiga sahun kasuwancin da hukuma ta sani. Tambayar ita ce, har ina wannan magana take da gaskiya, kuma wa zai fi cin moriyarta?

Kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa

Kalma ta farko ita ce data. A bakin mafi yawanmu, data ita ce abin da ake saya a waya domin a hau intanet. A wannan batu kuwa ana nufin bayanai ne da alƙaluma da aka adana: sau nawa aka biya mai shago da kati a rana, buhun garin masara nawa yake sarowa a mako, a wane layi shagonsa yake, ko yana biyan bashi a kan lokaci. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙaramin abu ne, amma idan aka tara su na wata shida ko shekara guda sukan zama shaidar da banki ko dila zai iya dogara da ita.

Ta biyu ita ce unguwannin da ake magana a kansu. Su ne manyan unguwannin da gwamnatocin Turawa tsiraru suka keɓe wa baƙar fata da sauran waɗanda ba Turawa ba a gefen birane, irin su Soweto da Alexandra a Johannesburg, da Tembisa a Ekurhuleni, da Mamelodi a Pretoria, da Khayelitsha a Cape Town, da Umlazi a Durban. Mazaunansu kan kira su kasi. Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2014, wanda ya mayar da hankali kan unguwar Diepsloot, ya nuna cewa kusan rabin mazauna biranen ƙasar suna zaune ne a irin waɗannan unguwanni da kuma matsugunan ɗakunan kwano da ke kewaye da su, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na marasa aikin yi na ƙasar a can suke.

Ta uku ita ce sana'a marar rajista, kuma a nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Rashin rajista ba ya nufin haramtaccen kasuwanci. Matar da ke soya ƙosan fulawa da ake kira magwinya a bakin tashar mota, da mai aski a cikin kwantena, da bakanike a ƙofar gida, da mai shagon spaza da ke sayar da kaya ta taga mai ragar ƙarfe, duk halastacciyar sana'a suke yi. Sannan rajistar ita kanta matakai ce daban-daban: akwai izinin ƙaramar hukuma, akwai takardar shaidar tsaftar wurin abinci, akwai rajistar kamfani a hukumar CIPC, akwai rajistar haraji a hukumar SARS, akwai asusun inshorar rashin aiki na ma'aikata. Mutum na iya mallakar biyu ya rasa uku. Akwai mai shagon da ke da asusun banki da na'urar kati amma ba shi da izinin ƙaramar hukuma, akwai kuma wanda ya yi rajistar kamfani shekaru biyar da suka wuce domin neman kwangila, takardar tana cikin akwati, yana ci gaba da cinikinsa da tsabar kuɗi. Saboda haka masu cewa za a fitar da su daga duhu zuwa haske a dare ɗaya ba su bayyana yadda abin yake ba.

Yadda aka gina giɓin da gangan

Ba za a gane wannan matsala ba sai an koma baya. An tsara waɗannan unguwanni ne a matsayin wurin kwanan leburori, su tashi da asuba su tafi ma'adinai da masana'antu da gidajen Turawa, su dawo da dare. Dokar biranen 1923 da dokar raba unguwanni bisa launin fata ta 1950 su ne suka kafa tubalin. A 1963 kuma gwamnati ta fitar da wata takardar umarni da ta taƙaita kasuwancin baƙar fata a birane: mutum ɗaya sana'a ɗaya, ba zai sayar da komai ba sai kayan masarufi na yau da kullum, kuma ba a yarda su haɗa jari su kafa kamfani ba. Manufar a bayyane take, wato kuɗin da lebura ya samu ya koma shagunan Turawa a cikin gari.

Tarihin Richard Maponya ya isa misali. An hana shi lasisin sayar da tufafi a Soweto a shekarun 1950, sai ya koma raba madara gida-gida da yara masu kekuna, kuma sai a 2007 ya ga an buɗe katafaren rukunin shagunan da ke ɗauke da sunansa a Soweto, Nelson Mandela ne ya yanke ƙyallen buɗewa. Irin su Maponya ƙalilan ne. Sauran jama'a sun koma sayar da kaya a ɓoye daga cikin gida, kuma galibi ana fassara kalmar spaza ita kanta da abin da aka ɓoye ko aka ɓad da kama. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu. Al'ummar da ta shafe shekaru tana tsira ta hanyar guje wa idon hukuma, ga shi yanzu ana ce mata ta fito a ƙirga ta, a rubuta sunanta da adireshinta da cinikinta. Duk wanda ya yi mamakin ɗari-ɗarin da take yi bai karanta tarihinta ba.

Wani abin lura shi ne, duk da cewa rashin aikin yi a ƙasar ya haura kashi 30 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, masu cin abinci daga sana'o'i marasa rajista ba su da yawa idan aka kwatanta da Najeriya ko Ghana ko Kenya. A wurinmu wanda bai samu aiki ba kan ɗauki faranti ko baro ya shiga kasuwa. A can kuwa nisan unguwanni daga cibiyoyin kasuwanci, da tsadar mota, da tsauraran dokokin ƙananan hukumomi, da fashi, da kuma ƙarfin manyan kantuna irin su Shoprite da Pick n Pay da Spar da Boxer, sun rage wa ƙaramin ɗan kasuwa fili. Ke nan abin da ake nema a Afirka ta Kudu ya haɗa da ƙara yawan masu sana'a tun kafin a zo maganar yi musu rajista.

Ina bayanan suke, kuma wa ke tattara su?

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar tana gudanar da binciken ƙwadago duk wata uku, tana kuma da wani bincike na musamman kan masu sana'ar da ba su yi rajistar harajin kaya, wato VAT, ba, wanda aka fara a 2001 ake maimaitawa bayan 'yan shekaru. Irin wannan bincike yana ba da hoton ƙasa baki ɗaya, amma ba zai gaya wa dilan sabulu shago nawa ne a wani layi na Tembisa ba. Bayanan haraji kuwa, waɗanda a yanzu ake zana su a taswira domin a ga inda ayyukan yi suke a kowane birni, masu rajista kaɗai suke gani.

Hanya ta biyu ita ce ƙidayar ƙafa. Wata ƙungiyar bincike da ke Cape Town mai suna Sustainable Livelihoods Foundation ta aika ma'aikatanta layi-layi da na'urar gano wuri suna rubuta kowace sana'a da suka gani. A wani yanki na unguwar Delft sun yi ƙidayar a wajejen 2010 suka maimaita a 2015, suka tarar adadin sana'o'in ya kusan ninkawa. Ƙidayar ta kuma nuna cewa yawancin sana'o'in suna cikin gidajen zama ne, a tsakiyar layuka, ba a wuraren da masu tsara birni suka ware wa kasuwanci ba. Irin wannan aiki yana da inganci, sai dai yana da tsada, kuma yana saurin tsufa, domin shagon da aka rubuta a watan Janairu kan iya rufewa ko canza hannu kafin Yuni.

Hanya ta uku, wadda ita ce ta fi girma a yau, ita ce na'urorin da ke kan teburin mai shago. Kamfanoni irin su Yoco da iKhokha sun bazu da ƙananan na'urorin karɓar kuɗi da kati. Wasu kamar Flash, mallakin rukunin Pepkor, da Kazang, mallakin Lesaka, sun ba masu shaguna na'urar sayar da katin waya da katin wutar lantarki da biyan kuɗin talabijin, kuma ta cikinta mai shago kan biya dilansa ba tare da ya ɗauki tsabar kuɗi ya fita ba, abin da ke rage haɗarin fashi ga shi da direban motar kaya. A Maris 2023 bankunan ƙasar suka ƙaddamar da PayShap, tsarin tura kuɗi nan take da lambar waya. Kowace mu'amala a kan waɗannan na'urori tana barin sawu: lokaci, adadi, wuri. Domin a ga darajar wannan sawu, a 2024 Lesaka ta sayi kamfanin Touchsides daga hannun kamfanin giya na Heineken; aikin Touchsides shi ne sanya na'urorin ciniki a mashayun unguwanni yana tattara bayanan abin da ake sha da lokacin da ake sha, yana sayar wa masu yin kaya wannan sani.

Yadda lissafin ciniki ke zama rance

Wannan shi ne ɓangaren da alƙawarin ya fi tabbata, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Banki na gargajiya yakan nemi takardar rajista, da bayanin asusu da akanta ya duba, da jingina. Mai spaza ba shi da ko ɗaya. Gidan da yake ciki sau da yawa ba shi da takardar mallaka da sunansa, ko dai na gado ne da ba a sauya suna ba, ko na gwamnati da ba a miƙa takardarsa ba, ko kuma haya yake yi a bayan gidan wani. Idan kayansa suka ƙare a tsakiyar wata, mafitarsa ita ce mashonisa, wato mai ba da bashi da ruwa mai tsanani a unguwa, wanda wani lokaci yakan riƙe katin banki ko katin shaidar mai karɓa duk da cewa doka ta hana.

Kamfanin da ya ba shi na'urar kati kuwa yana ganin cinikinsa kai tsaye. Bayan 'yan watanni sai ya yi masa tayin kuɗi daidai gwargwadon abin da ke shigowa, kuma maimakon a tsayar masa da ranar biya, sai a riƙa cire wani kaso daga kowane cinikin kati har a gama. Ranar da kasuwa ta yi kyau a cire da yawa, ranar da ta mutu a cire kaɗan. Yoco da iKhokha duk suna da irin wannan tsari, kuma TymeBank ya sayi kamfanin Retail Capital a 2022 saboda ƙwarewarsa a wannan fanni. A taƙaice tarihin ciniki ya maye gurbin jingina. Haka nan dila da ke ganin cewa wani shago yana saro kaya duk Talata yana biya ba fashi, zai iya ba shi kaya na kwana bakwai kafin ya biya, wanda ga mai ƙaramin jari ya fi kowane rance amfani, tunda ba ya fita daga shagon.

Sai dai a kula da abubuwa biyu. Na ɗaya, wannan kuɗi ba mai arha ba ne. Yawanci akan faɗi ladan kamfani a matsayin dunƙulallen adadi, kuma idan aka biya shi cikin 'yan watanni, lissafinsa na shekara kan yi nauyi fiye da yadda mai karɓa ya zata. Ga kuma kason da ake cira a kowane cinikin kati, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda a kan kaya masu ƙaramar riba kamar burodi da madara ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, tarihin cinikin yana ajiye ne a rumbun kamfanin. Idan mai shago ya so ya koma wani kamfani mai sauƙin farashi, sau da yawa daga farko zai soma, kamar wanda bai taɓa ciniki ba. A ganina wannan shi ne ginshiƙin batun duka. Shekaru uku na biyan bashi da gaskiya dukiya ce, kuma muddin mai shago ba zai iya ɗaukar ta ya kai wa wani mai ba da rance ba, to dukiyar kamfanin ce, shi kuwa ajiya kawai ya yi wa wani.

Abin da na'ura ba ta gani

Har yanzu tsabar kuɗi ce sarauniya a unguwannin. Motocin haya na bas-bas, waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawan masu hawa motar haya a ƙasar, kusan dukkansu da tsaba suke aiki, kuma wanda zai biya kuɗin mota da tsaba da safe, da canjin zai sayi burodi da yamma. Idan kashi ɗaya bisa uku na cinikin shago ne ke bi ta kati, mai ba da rance yana ganin shagon ne a kashi ɗaya bisa uku na girmansa.

Akwai kuma littafin bashi. Mai spaza yakan ba tsohuwa garin masara da man girki ya rubuta, ta biya a farkon wata idan kuɗin tallafin gwamnati na tsofaffi ko na yara ya shigo. Shi ya san wadda za ta biya da wadda ba za ta biya ba, kuma wannan sani shi ne abin da ya fi babban kanti da shi. Ga kuma stokvel, wato adashi, wanda ƙungiyar masu adashi ta ƙasar ke ƙiyasta cewa akwai rukunoni kusan dubu 800 da ke juya kimanin Rand (kuɗin ƙasar) biliyan 50 a shekara. Wasu rukunonin kan tara kuɗi tun Janairu su saro kayan abinci gaba ɗaya a Disamba. Matar da ta yi shekara goma tana zubi ba ta taɓa saɓawa ba ta nuna amanar da ta fi ta masu albashi da yawa, amma a rumbun hukumomin tantance masu bashi ba a san da ita ba.

Sai batun da ya fi kowanne zafi. Yawancin shagunan spaza a unguwanni da dama yanzu suna hannun baƙi ne, musamman 'yan Somaliya da Habasha da Bangladesh da Pakistan, waɗanda ke hayar ɗaki ko kwantena daga ɗan ƙasa. Sun yi fice ne saboda suna haɗa kai su saro kaya da yawa, suna buɗewa da sassafe su rufe da dare, su kuma yarda da ƙaramar riba. Wato su sun riga sun warware matsalar haɗa sari ta hanyar zumunci da amana, ba tare da wata manhaja ba. Amma a ƙasar da aka kashe mutum 62 a hare-haren ƙin jinin baƙi na Mayu 2008, aka sake wawashe shaguna a 2015 da 2019, kuma ƙungiyar Operation Dudula ke zagayawa tana neman a rufe shagunan baƙi, taswirar da ke nuna kowane shago da asalin mai shi makami ce idan ta faɗa hannun da bai dace ba. A lokacin rajistar ƙarshen 2024 an ga masu zanga-zanga suna tare baƙi a ƙofar ofisoshin rajista, hukumomi kuma suna gargaɗin 'yan ƙasa kada su yi wa baƙi rajista da sunansu.

Dalilan masu ɗari-ɗari

Tsoro na farko shi ne haraji. A gaskiya akwai ƙari a cikinsa, domin a 2009 aka sanya iyakar tilasta rajistar harajin kaya a cinikin Rand miliyan 1 a shekara, kuma aka fito da sauƙaƙƙen harajin ƙananan sana'o'i wanda masu ƙaramin ciniki ba sa biyan komai a ƙarƙashinsa. Bugu da ƙari, mai spaza yana biyan harajin kashi 15 cikin ɗari a kan yawancin kayan da yake sarowa, kuma ba ya iya neman a mayar masa. Masu cewa ba ya biyan haraji sun manta da wannan. Abin da ya fi cin rai shi ne cike takardu da tarar jinkiri da kuɗin akanta.

Tsoro na biyu yana da tarihi na kusa. A 2012 aka ba wa kamfanin Cash Paymaster Services, reshen Net1, kwangilar biyan tallafin gwamnati ga miliyoyin mutane, kwangilar da Kotun Tsarin Mulki ta ce ba a bi ƙa'ida wajen bayar da ita ba. Ƙungiyar Black Sash ta tattara koke-koken tsofaffi da iyaye mata da ke ganin ana cire musu kuɗin rance da katin waya da inshora daga tallafinsu, kuma aka zargi kamfanonin da ke da alaƙa da Net1 da amfani da bayanan masu karɓar tallafi wajen tallata musu waɗannan abubuwa. A Maris 2017 kotun ta ba da umarnin cewa kada a yi amfani da bayanan don wani abu ban da biyan tallafi. Net1 ɗin ne ya sauya suna ya koma Lesaka a 2022, da sababbin shugabanni. Ƙasar tana da dokar kare bayanan sirri, wadda aka fi sani da POPIA, da ta fara aiki gadan-gadan a Yuli 2021, kuma tana kare kamfanoni kamar yadda take kare mutane. Amma a Agusta 2020 bayanan kimanin mutum miliyan 24 da kamfanoni kusan dubu 800 sun fita daga hannun Experian, ɗaya daga cikin manyan masu tantance bashi. Mai shagon da ya danna amincewa a kan ƙaramin allon na'ura bai karanta sharuɗɗan ba, kuma da wuya ya san hanyar ofishin kai ƙara.

Tsoro na uku shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa. Bayanan da ke nuna cewa wani layi a Khayelitsha yana da ciniki mai ƙarfi, su ne kuma za su nuna wa babban kanti inda ya kamata ya buɗe sabon reshe. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar, a rahotonta na Nuwamba 2019 kan kasuwar kayan abinci, ta yi bayanin yadda yarjejeniyoyin hayar da ke hana abokan gasa shiga rukunin shaguna, da ragin da masu yin kaya ke ba manyan kantuna, suke danne ƙananan 'yan kasuwa. Shoprite da Pick n Pay sun amince daga baya su daina aiki da irin waɗannan yarjejeniyoyi sannu a hankali. Bayanai ba sa sauya wannan bambancin ƙarfi da kansu, hasali ma wanda ke da ma'aikatan nazari da jarin buɗe reshe shi ne zai fi saurin amfani da su.

Inda rajista ke cijewa

Darasin annobar korona bai yi nisa ba. Da aka rufe ƙasar a ƙarshen Maris 2020, gwamnati ta fito da tallafi ga masu spaza, amma sharuɗɗan sun haɗa da izinin ƙaramar hukuma da rajistar kamfani da ta haraji, sai ya zama waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi kasa cikawa. A tarzomar Yuli 2021 a lardunan KwaZulu-Natal da Gauteng, manyan kantuna sun karɓi diyya daga Sasria, kamfanin inshorar tarzoma na gwamnati, ƙananan 'yan kasuwa marasa inshora kuwa da yawansu suka tashi a tutar babu. A Afrilu 2025 aka ƙaddamar da asusun Rand miliyan 500 domin tallafa wa shagunan spaza na 'yan ƙasa, inda shago ɗaya zai iya samun har Rand dubu 300 tsakanin tallafi da rance, kuma a nan ma rajistar ƙaramar hukuma sharaɗi ce.

Matsalar ita ce izinin ƙaramar hukuma yana rataye da fili. Ana tambayar takardar mallaka ko yarjejeniyar haya, da zanen gini da aka amince da shi, da izinin yin kasuwanci a filin da aka ware don zama. Wanda ke cikin ɗakin kwano a matsugunin da ba shi da sunan layi ba zai iya kawo ko ɗaya ba, komai kyan tarihin cinikinsa. Lardin Gauteng ya kafa dokar bunƙasa tattalin arzikin unguwanni a 2022 da nufin sassauta irin waɗannan ƙa'idoji, amma aiwatarwa tana hannun ƙananan hukumomi. A nan bayanai za su iya taimakawa ta wata fuskar daban: idan ƙidaya ta nuna wa majalisar birni cewa sana'o'i ɗaruruwa suna kan titi guda, hujja ce ta sauya matsayin titin gaba ɗaya a hukumance, maimakon a bar kowane mai shago yana neman izini shi kaɗai.

Abin da zai shafi talaka

Ga mai saye, amfanin da ya fi kusa shi ne sanin asalin kaya. Idan shaguna suna sarowa daga dilolin da aka sani kuma ana da lissafin abin da ya je ko'ina, janye gurɓataccen kaya zai ɗauki kwanaki maimakon makonni. Amma gubar Naledi ba ta fito daga sarƙar manyan diloli ba. Mutane suna sayen ta ne saboda ɓeraye sun addabe su, ɓeraye kuma suna yawa ne inda ba a kwashe shara, abin da Shugaba Ramaphosa da kansa ya ambata a jawabinsa.

Ga mai shago ɗan ƙasa da ke da tsayayyen wuri da ciniki mai ɗan kauri, tsarin zai iya buɗe masa ƙofar rance da sari da inshora. Mai faranti a bakin tasha da mai wankin mota za su daɗe ba su ga canji ba, domin cinikinsu bai kai ya ɗauki nauyin na'ura ba. Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ga kamannin wannan labari a gida: na'urorin POS na Moniepoint da OPay sun cika kasuwanni bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, sannan a 2024 aka umarci masu sana'ar POS su yi rajista da hukumar CAC, wato na'ura ta fara shiga, rajista ta biyo baya. A Afirka ta Kudu Babban Bankin ƙasar yana ta tuntuɓa kan tsarin da zai ba abokin ciniki ikon umartar bankinsa ko kamfanin kuɗinsa ya miƙa tarihin mu'amalarsa ga wani da ya zaɓa. Yadda za a rubuta wannan ƙa'ida, da ko za ta shafi kamfanonin na'urorin kati da na sayar da katin waya ko bankuna kaɗai, shi ne zai nuna ko mai spaza a Umlazi zai iya ɗaukar shekarunsa uku na ciniki ya je ya nemi farashi mafi sauƙi a wani wuri.